Folik Kaɗai, Maganin Ƙarin Jini, ko Mai Haɗi? Zaɓin Ƙwaya da Abin Sha ga Mai Ciki da Mai Shayarwa

Mace ta tabbatar tana da juna biyu, ko tana shirin ɗauka, sai ta shiga kantin magani ta tarar da kwalabe jere, kowace da hoton mai ciki tana murmushi. Ga 'yar mitsitsiyar ƙwayar folik asid, wani nau'in bitamin B, ga maganin ƙarin jini irin wanda ake bayarwa wurin awo, ga manyan kwalabe masu alfahari da sinadarai ashirin da wani abu. Can gefe kuma ga garin da ake damawa a ruwa, wai yana daidaita gishirin jiki. Kuɗin kwalba ɗaya daga cikin manyan sai ya sayi maganin watanni na ƙananan. Dole hankali ya rabu biyu, domin babu uwar da ke son a ce ta yi wa abin da ke cikinta rowa.

Bari in faɗi inda na karkata tun yanzu, don kada in ja ki da nisa. An ce arha ba ta ado, amma a wannan fage maganar ba ta zauna ba. Abin da ke raba ƙwaya mai amfani da marar amfani shi ne ranar da aka fara shanta, da kuma ko ana iya ci gaba da haɗiye ta kullum har wata tara. Tsada tana can baya.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko lokaci ne, kuma shi ya fi kowanne nauyi. A makonnin farko na ciki akwai wani ɗan bututu da ke naɗewa ya rufe, shi ne daga baya yake zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Yana gama rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, wato kamar mako biyu bayan ranar da al'ada ta ƙi zuwa. Idan bai rufe daga ƙasa ba, jariri ya zo da laka a buɗe a gadon baya, abin da likitoci ke kira sipaina bifida. Idan daga sama ne, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba sa cika, kuma irin wannan jaririn ba ya rayuwa. Folik ne ke rage wannan haɗari, amma sai yana cikin jini kafin bututun ya rufe. Tun ran gini ran zane. Macen da ta fara sha a wata na huɗu ta samu wasu amfanoni, wannan kam ya wuce ta.

Na biyu, abin da ke cikin ƙwayar da adadinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta kula da masu ciki ta 2016, ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan folik asid maikirogiram 400 da sinadarin ƙarfe, wato ayon, miligiram 30 zuwa 60 a kullum. Wannan shi ne mudun da zan auna kowane zaɓi da shi.

Sai hujja: an gwada abin a kan dubban mata an ga sakamako, ko kuwa talla ce kawai? Sai jurewa, domin ƙwayar da ke tayar da zuciya a aljihun gado take ƙarewa. Sai tsada da yadda abin ke jure ajiya. Na ƙarshe haɗari.

Zaɓi na ɗaya: abinci kaɗai

Akwai folik na asali a ganyaye masu duhun kore, wake da danginsa, gyaɗa, lemo, ƙwai da hanta. Sunan ma daga kalmar ganye ta harshen Latin aka samo shi, don daga alayyafo aka fara tace shi a 1941. Mai ciki tana buƙatar kimanin maikirogiram 600 a rana idan aka haɗa na abinci da na magani, mai shayarwa 500, sauran mata 400.

Matsalar ita ce folik ɗin abinci ba shi da ƙarko. Zafi yana lalata shi, yana kuma narkewa ya bi ruwan dahuwa, har ganyen da aka daɗe ana tafasawa yakan rasa rabin abin da ke cikinsa ko fiye. Wanda ya tsira kuma, jiki kamar rabinsa yake iya ɗauka, alhali na ƙwaya yana shiga kusan kashi 85 cikin ɗari idan an sha da abinci, kusan duka idan ciki babu komai. Ga laulayi kuma, wanda yake zuwa daidai lokacin da ake tsananin buƙatar sinadarin, ya sa mace ko warin girki ba ta so.

Ayon ya fi wuya. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ga jariri da mabiyiya suna ɗibar nasu, ga jinin da za a zubar wurin haihuwa. Jimillar abin da ciki ɗaya ke ci ya kai kusan miligiram 1000. Na nama da kifi yana shiga jiki da sauƙi, na hatsi da ganye kaɗan ne ke shiga. Wannan na cikin dalilan da suka sa fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciki a duniya ke fama da ƙarancin jini.

Ƙasashe da dama sun wajabta zuba folik asid a garin fulawa. Amurka da Kanada sun fara a 1998, kuma a Kanada yawan jariran da ake haifa da matsalar laka ya ragu da kusan rabi. Babban ci gaba ne, amma an tsara shi ne don ya ɗaga al'umma gaba ɗaya, babu tabbacin ke a kan kanki kin samu abin da ya ishe ki. Abinci tushe ne da ba a tsallake shi. A matsayin zaɓi shi kaɗai, bai kai ba.

Zaɓi na biyu: folik asid shi kaɗai, maikirogiram 400

Wannan 'yar ƙwaya ita ce ta fi kowace dogon tarihi. A 1931 wata likita 'yar Birtaniya, Lucy Wills, tana aiki a Bombai, wato Mumbai ta yau, ta gano cewa wani irin ƙarancin jini da ke kashe masu ciki yana warkewa idan an ba su wani abinci da aka tace daga yis. Abin da ke cikinsa daga baya aka gane folik ne. Shekaru sittin bayan haka, a 1991, babban gwajin da Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna cewa matan da suka taɓa haihuwar jariri mai matsalar laka, idan suka sha miligiram 4 a kullum, haɗarin maimaituwa yana raguwa da kashi 72 cikin ɗari. A 1992 wani gwaji a Hungari ya nuna kariyar tana aiki har ga waɗanda ba su taɓa samun matsalar ba. Sai na ƙasar Sin da aka wallafa a 1999, wanda ya shafi mata sama da dubu 200, kuma maikirogiram 400 kawai aka ba su, ba tare da wani haɗi ba: matsalar ta ragu da kashi 79 a arewacin ƙasar inda ta yi katutu, da kashi 41 a kudu.

Ta fuskar jurewa babu kamarta. Ƙarama ce, ba ta da ƙarni, ba ta taurara bayan gida. Ita ce mafi arha, kuma tana daɗewa idan an kiyaye ta daga rana da danshi. Rauninta ɗaya ne, amma babba: babu ayon a ciki. Don haka ta dace da watannin shiri da makonnin laulayi, ba ta isa ta raka mace har haihuwa ita kaɗai ba.

Tunda kusan rabin cikin da ake ɗauka a duniya ba shiri aka yi masa ba, ni a ganina duk macen da ciki zai iya shigarta ta mayar da wannan ƙwaya abin sha na kullum, kada ta jira sai gwaji ya nuna layi biyu. Aƙalla a fara wata guda kafin ciki, don jini yana ɗaukar makonni kafin ya cika da sinadarin.

Zaɓi na uku: ayon da folik a haɗe

Shi ne aka fi sani da maganin ƙarin jini, kuma shi ne tsayayyen abin da ake bayarwa wurin awo a yawancin ƙasashe. Yana rage ƙarancin jini, haihuwar jariri marar nauyi da haihuwar bakwaini. Mace mai isasshen jini kuma ta fi jure zubar jini ranar haihuwa.

Akwai abin da ke rikita mutane a jikin kwalin. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe sau da yawa nauyin gishirin ayon ce gaba ɗaya, ba tsantsar ayon ɗin ba. Miligiram 60 na tsantsar ayon daidai yake da 300 na feros salfet, ko 180 na feros fumaret, ko 500 na feros gulukonet. Kada ki ga 300 ki firgita, kada kuma ki ga 500 ki ɗauka ya fi ƙarfi. Inda ƙarancin jini ya kama kashi 40 na masu ciki ko fiye, an fi son 60 a kan 30. Wadda gwajin ƙarfin jini da ake kira himogulobin ya nuna ta sauka ƙasa da 11, akan ɗaga mata zuwa miligiram 120 a rana har ya dawo daidai, amma wannan hukuncin asibiti ne.

Inda wannan zaɓi yake faɗuwa shi ne jurewa. Yana tayar da zuciya, yana taurara bayan gida, wasu ya sa su gudawa, wasu su ji ɗanɗanon ƙarfe a baki duk yini. Bayan gida yana yin baƙi, wannan ba komai ba ne. Mata da yawa suna karɓa su ajiye, ranar awo su ce suna sha. Kafin ki kai ga haka, akwai dabaru. Ki mayar da shan daren, kafin barci. Ki sha bayan ɗan abinci kaɗan, ko da hakan zai rage abin da ke shiga jiki, ya fi a daina. Ki haɗa da lemo ko wani abu mai bitamin C, yana taimaka wa ayon ya shiga. Ki nisanta shi da shayi, kofi, madara da maganin ƙwannafi da kamar awa biyu, domin suna riƙe shi a hanji. Idan duk an yi ya gagara, akwai tsarin sha sau ɗaya a mako, ayon miligiram 120 da folik maikirogiram 2800, amma ga wadda ba ta da ƙarancin jini aka tanade shi, kuma a wuraren da matsalar ba ta yi yawa ba.

Wata magana da ke yawo ita ce maganin ƙarin jini yana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara. Abin da yake yi shi ne rage yiwuwar jariri ya zo ƙasa da nauyin da ya kamata. Ba shi ke kawo ƙaton jariri ba, wannan an fi danganta shi da ciwon suga da ba a kula da shi ba.

Haɗarinsa na gaske yana ga yara. Ƙwayoyin suna da launi kamar alawa, kuma yaro ƙarami idan ya haɗiyi da yawa zai iya mutuwa. A ɗaga shi sama, a rufe. Wanda ke cikin takardar azurfa ya fi jure danshi a kan wanda aka ƙirga aka zuba a leda.

Zaɓi na huɗu: ƙwaya mai haɗin sinadarai da yawa

Nan ne kasuwa ta fi hayaniya, don haka sai a raba su gida biyu.

Gida na farko shi ne haɗin da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara a 1999, ana kiransa UNIMMAP. Sinadarai 15 ne a ciki, daga ciki akwai ayon miligiram 30, folik maikirogiram 400, aidin, wato sinadarin da ake sa wa gishiri, maikirogiram 150, zinki miligiram 15, da bitamin A, C, D, E da dangin B. Da aka tattara gwaje-gwajen da suka gwama irin wannan haɗi da na ayon da folik zalla, an ga yana ƙara rage haihuwar jariri marar nauyi da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Amfanin ya fi fitowa ga mata masu ƙarancin jini da masu rama. A 2021 aka shigar da shi jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ayon ɗinsa 30 ne, shi ya sa ya fi sauƙin jurewa, kuma shi ya sa bai isa ya warkar da ƙarancin jinin da ya riga ya kama ba.

Gida na biyu su ne na kamfanoni, kuma a nan babu doka guda. Wasu suna da kyau ƙwarai, wasu kwalba ce kawai. Abin da zan ce ki juya kwalbar ki duba abu huɗu: folik asid ya kai 400, ayon ya kai wajen 30, aidin ya kai 150, sannan wane irin bitamin A ne a ciki. Irin da ake kira retinol idan ya haura dubu 10 a rana, a ma'aunin da ake rubutawa IU, yana iya nakasa jariri, shi ya sa ba a shan kwalba biyu masu haɗi a lokaci guda, ba a kuma shan na gama-gari wanda ba don masu ciki aka yi ba. Saboda wannan dalilin ne ake cewa mai ƙaramin ciki ta yi hattara da hanta, duk da tana da folik da ayon.

Masu kama da alawa da ake taunawa suna da daɗi, kuma ga mai laulayi mai tsanani sun fi babu. Sai dai akasarinsu babu ayon a ciki sam, suna da suga, suna kuma narkewa su manne idan wuri ya yi zafi.

Sai maganar metilfolet, wanda ake tallatawa a matsayin folik na zamani da jiki ya fi karɓa, musamman ga masu wani bambanci a ƙwayar halittar da ake kira MTHFR. Yana ɗaga folik a jini, wannan gaskiya ne. Amma duk manyan gwaje-gwajen da suka tabbatar da kariya daga matsalar laka da folik asid aka yi su, kuma Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa masu wannan bambanci su ma jikinsu yana sarrafa folik asid. Biyan ninkin kuɗi don a bar abin da aka gwada a kama wanda ba a gwada haka ba, ni ban ga riba a ciki ba.

Babban adadin folik asid, miligiram 5

Wannan ba zaɓi ba ne da mace za ta yi da kanta, likita ke rubutawa. Ana ba wadda ta taɓa haihuwar jariri mai matsalar laka, ko akwai matsalar gare ta ko ga mijinta, da mai ciwon suga tun kafin ciki, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya, da mai sikila, a wasu ƙasashe har da mai ƙiba sosai. Ya ninka na kullum sau goma sha biyu da rabi, kuma da yake ƙwayoyin biyu suna kama, ana yawan musanya su. Ki karanta lambar: miligiram 0.4, wato maikirogiram 400, daban, miligiram 5 daban.

Dalilin da ya sa ba a sha haka kawai biyu ne. Yawan folik yana iya ɓoye ƙarancin bitamin B12, jini ya gyaru alhali jijiyoyi na lalacewa. Sannan inda ake ba masu ciki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, miligiram 5 yana rage masa ƙarfi, amma 0.4 ba ya taɓa shi. Mai shan babban adadi ta sanar da masu awo.

| Zaɓi | Folik (maikirogiram) | Ayon (miligiram) | Jurewa | Tsada | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Abinci kaɗai | Babu tabbas | Da wuya ya isa | Laulayi na hanawa | Ya danganta | Dahuwa na lalata folik | A ɗauka ya isa |
| Folik kaɗai | 400 | Babu | Mai sauƙi ƙwarai | Mafi arha | Yana daɗewa | Ƙarancin jini daga baya |
| Ayon da folik | 400 | 30 zuwa 60 | Mai wuya ga wasu | Arha | Ba ya son danshi | A daina sha. Yara su haɗiya |
| UNIMMAP | 400 | 30 | Matsakaici | Ya ɗan ɗara | Mai kyau a rufe | Bai warkar da ƙarancin jini |
| Na kamfanoni | Ya bambanta | Wasu babu | Ya bambanta | Mafi tsada | Na taunawa na narkewa | Yawan bitamin A. Rashin ayon |

Abin da kusan dukkansu suka bari: kalsiyam

Kalsiyam yana da girma, ba ya shiga ƙwaya ɗaya da sauran, shi ya sa babu shi a UNIMMAP, kuma na kamfanoni ɗan kaɗan suke sakawa. Mai ciki tana buƙatar wajen miligiram 1000 a rana, 'yar ƙasa da shekara 19 kuma 1300. Muhimmancinsa ya wuce ƙashi: a wuraren da mutane ba sa samun madara da danginta sosai, ana ba da kalsiyam da nufin rage hawan jinin masu ciki, wanda idan ya ta'azzara yake kai wa ga jijjiga. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce giram 1.5 zuwa 2 a rana, a raba uku, a sha da abinci. Ƙwaya uku manya a kan ta ayon, nauyi ne, kuma mata da yawa ba sa iyawa. Wani gwaji da aka yi a Indiya da Tanzaniya, aka wallafa a 2024, ya nuna miligiram 500 bai gaza 1500 ba wajen rage wannan hawan jini. Ki tattauna adadin da mai duba ki. Abin da ba ya canzawa shi ne kada a haɗiye shi tare da ayon, a sa awanni tsakani.

Aidin kuwa, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata kuma rashinsa ke kawo maƙoƙo, ana son maikirogiram 250 a rana ga mai ciki da mai shayarwa. Gishiri mai aidin shi ne hanya mafi sauƙi, a rufe shi kada ya sha iska da danshi.

To, abin sha fa?

Nan zaɓin ya fi sauƙi, kodayake masu talla sun so su rikita shi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta mace tana buƙatar ruwa lita 2 a rana, har da wanda ke cikin abinci, mai ciki ta ƙara mililita 300, mai shayarwa ta ƙara 700. Ƙiyasin Amurka ya ɗara haka: lita 3 ga mai ciki, 3.8 ga mai shayarwa. Bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya nuna miki ba lamba ce tsayayya ba. Zafi, aiki da girman jiki duk suna canza ta. Fitsari ya fi kowace lamba faɗin gaskiya: idan ya yi haske, kin ƙoshi, idan ya yi duhu ya yi kaɗan, ki ƙara. Sai dai ƙwaya mai bitamin B2 tana mayar da shi rawaya shar, wannan ba ƙishirwa ba ce.

Ruwa tsabtatacce shi ne na kullum, kuma ga mace mai cin abinci lafiya, gishirin da jiki ke so daga kwano yake zuwa, ba daga kwalba ba. Ruwan gishiri da suga na asibiti, ORS, magani ne na lokacin amai da gudawa ko zufa mai tsanani. An auna shi daidai: a lita ɗaya akwai gishiri giram 2.6, gulukos 13.5, da potasiyam, kuma sugan ne ke jan gishiri da ruwa su ratsa hanji. A dama shi da adadin ruwan da aka rubuta, a zubar da ragowar bayan awa 24. Abin shan 'yan wasa gishirinsa bai kai sulusin na ORS ba, sugansa ya ninka sau huɗu, ga tsada. Lemon kwalba ya fi shi muni, yana iya ƙara gudawa. Ruwan kwakwa yana da potasiyam, sodiyam kaɗan, abin marmari ne mai kyau amma ba ya maye gurbin ORS.

| Abin sha | Ya dace da | Rauninsa |
|---|---|---|
| Ruwa | Kullum | Bai mayar da gishiri idan ana gudawa |
| ORS | Amai, gudawa, zufa mai yawa | Ba na yau da kullum ba ne |
| Madara | Kalsiyam da ruwa tare | Tana hana ayon shiga |
| Abin shan 'yan wasa | Motsa jiki mai tsawo | Suga da yawa, tsada |
| Shayi da kofi | Kaɗan, nesa da ayon | Kafin. A tsaya ƙasa da miligiram 200 zuwa 300 |

Kumburin ƙafa yakan sa wasu su rage ruwa ko su daina gishiri kwata-kwata. Babu ɗaya da ke maganinsa, kuma barin gishiri ba ya hana hawan jinin ciki. Kumburin da ya taso farat ɗaya a fuska da hannu, tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, na asibiti ne a ranar. Haka mai aman da ko ruwa ba ya zama a cikinta yini guda, ko ta daina fitsari: wannan ya wuce ORS, sai ƙarin ruwa. Yawan ruwa ma yana da iyaka, musamman a naƙuda, inda ɗirka lita bayan lita yake iya tsinka gishirin jini.

Bayan haihuwa lissafi yana juyawa

Nono kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kuma uwa tana fitar da wajen mililita 750 zuwa 800 a rana a watanni shida na farko. Shi ya sa ƙishirwa ke taso wa mai jego da zarar jariri ya kama. Ki ajiye ruwa inda kike zama shayarwa. Amma ɗura wa kai ruwa fiye da ƙishi ba a ga yana ƙara nono ba, yawan tsotso da juye maman ne ke ƙara shi. Jaririn kansa ba ya buƙatar ruwa kafin wata shida, ko da ana zafi.

Buƙatar ayon tana faɗowa daga miligiram 27 zuwa wajen 9, saboda al'ada ta tsaya kuma nono kaɗan yake ɗiba. Duk da haka ana so a ci gaba da maganin ƙarin jini mako 6 zuwa 12 don a mayar da abin da aka zubar. Aidin, B12 da bitamin A su ne waɗanda yawansu a nono ke bin abin da uwa ta samu, don haka a wannan zango ƙwaya mai haɗi tana da hujja, musamman ga wadda ba ta cin nama, kifi, ƙwai ko madara. Folik da kalsiyam kuwa nono yana ɗibar nasa ko da uwa za ta rage. Ƙashinta yakan ɗan ragu lokacin shayarwa, ya dawo bayan yaye.

Wanne ya dace da wa

Wadda ke shirin ciki, ko ciki zai iya shigarta ba shiri: folik asid 400 kullum, daga yau. Mai haɗi ma ya yi idan adadinsa ya cika.

Mai ƙaramin ciki da laulayi ya sa gaba: kada ta bar komai ya tsaya saboda ayon. Ta riƙe folik kaɗai har zuciya ta kwanta, ta sanar da masu awo, sannan ta koma mai ayon.

Mai ciki lafiyayya da ke cin abinci iri-iri: ayon da folik ya wadatar, da gishiri mai aidin. Wadda cimarta ba ta da yawa, ko tana da rama, ko haihuwarta ta yi kusa da kusa, ko 'yan biyu take ɗauke da su: mai haɗi irin UNIMMAP ya fi, a riƙa duba jininta.

Wadda gwaji ya nuna ƙarancin jini, ko take jin haki da jiri da kwaɗayin tauna ƙanƙara ko ƙasa: adadin magani daga asibiti, mai haɗi shi kaɗai ba zai ɗaga ta ba.

Mai sikila, ciwon suga, farfaɗiya, ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai matsalar laka: ta ga likita tun kafin ciki a kan miligiram 5. Mai sikila kada ta sha ayon sai an auna an ga tana buƙata, domin jikinta yana iya tara shi, musamman idan ana yi mata ƙarin jini. Mai shan maganin farfaɗiya kada ta dakatar da shi da kanta.

Wadda ba ta samun madara da danginta, ko ta taɓa hawan jinin ciki: ta tambayi kalsiyam, ta sha shi da abincin rana, ayon da dare.

Mai shayarwa: ta ƙarasa maganin ƙarin jininta, ruwa gwargwadon ƙishi, ORS a ajiye don ranar gudawa. Idan al'ada ta dawo ko jariri ya haura wata shida kuma ba ta kan tsarin tazarar haihuwa, ta koma kan folik 400, tunda wani cikin yana iya shiga tana tsaka da shayarwa.